A Bar Kwamfuta a Wuta, Ko a Cire Ta?

 

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo tsakaninmu, mu malaman yaƙi da jahilci na gundumomin Magariya da Dungas. Ba mu kaɗai ba, har da sakatarorin ƙungiyoyin manoma, da ma'aikatan gidajen likita na karkara, da yaranmu masu karatu a jami'ar Damagaram. Tambayar ita ce: in mutum yana aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka, ya bar ta jone da wuta ko da batirin ya cika, ko kuwa ya cire ta? Wani ya ce barin ta a wuta yana ƙona batir. Wani ya ce a'a, cirewa da mayarwa ne ke kashe shi. Wani kuma ya ce sai ka bari ta mutu ƙurmus kafin ka sa mata caji. Kowa da hujjarsa, kowa kuma a bakin wani ya ji.

Kada ka ɗauki wannan ƙaramar magana. Yau sunayen ɗalibanmu, da darussan da muke bugawa, da lissafin asusun mata, duk cikin kwamfuta suke. In batirin ya mutu, ba za ka sami sabo a Yekuwa ko Malawa ko Dogo-Dogo ba. Sai ka aika Damagaram ko Kano, ka jira, sa'an nan ka biya kuɗin da zai sayi hatsin gida na kwanaki masu yawa. Kafin nan kwamfutar ta zama kamar akuya a turke, ba ta zuwa ko'ina sai inda waya ta kai. A makarantar horon malamai an koya mini tsara darasi da riƙe alli, ba a yi mana darasin batir ba. Aikin yawo a babur daga wannan aji zuwa wancan shi ya sa na nemi sanin abin. Ga abin da na samo, na kawo maka.

Me ke cikin batirin?

Batirin kwamfuta da na salula iri ɗaya ne, ana ce masa batirin litiyom. Litiyom wani ƙarfe ne marar nauyi. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara kawo irin wannan batir kasuwa a 1991. A 2019 kuma aka ba masana uku da suka yi aikinsa kyautar Nobel, wato John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino.

Ka ɗauka cikin batirin akwai ɗakuna biyu. In ana caji, sai ƙwayoyin litiyom su ƙaura daga ɗaki na ɗaya zuwa na biyu. In kana aiki, sai su komo. Wannan kai da komo shi ne wutar da kwamfutarka ke ci. Kowace ƙwayar batir in ta cika tana kai kamar bolt 4.2, in ta ƙare kuma tana sauka zuwa wajen bolt 3.

To, batir yana tsufa ta hanya biyu: akwai tsufan aiki, akwai tsufan zama.

Tsufan aiki ana ƙirga shi da zagaye. In ka cinye kashi 100 cikin 100 na cajin ka mayar, ka yi zagaye ɗaya ke nan. In ka ci rabi yau ka cika, gobe ka ci rabi ka cika, shi ma zagaye ɗaya ne. Yawancin baturan kwamfuta an yi su ne su jure zagaye 300 zuwa 500. Wasu, kamar na MacBook na kamfanin Apple, suna kai 1000. Ba wai daga nan batirin ke mutuwa nan take ba, ƙarfinsa ne ke raguwa, ya riƙa ɗaukar kamar kashi 80 na abin da yake ɗauka yana sabo. Yi lissafi da kanka. Wanda ke cinye batirinsa duka kullum, cikin shekara ɗaya ya yi zagaye 365. Ashe cire waya da gangan, alhali ga wuta, ɓarnar zagaye ce kawai.

Tsufan zama kuwa yana cin batir ko ba a taɓa shi ba. Abubuwa biyu ke gaggauta shi: cika maƙil da zafi. Ka san salka. In ka cika ta da ruwa tam, ka ɗaure bakinta, ka rataye ta a rana kwana da kwanaki, ba yau za ta fashe ba, amma ɗinkinta yana saki a hankali. Wadda aka bar mata sarari aka rataye a inuwa ta fi ta daɗewa. Haka batirin litiyom yake. In ya zauna a kashi 100 wata da watanni, wani ɓangare na litiyom ɗin yana maƙalewa a jikin ɗakin, ba ya sake komowa. Abin da ya maƙale kuwa ya tafi ke nan, babu mai gyaran da zai dawo da shi.

Ga amsar tambayar

Yanzu ka gane inda gaskiyar kowa take. Mai cewa wuta tana ƙona batir in ya cika bai faɗi daidai ba. Cikin kwamfutar akwai ƴar na'ura mai tsaron caji. Da batirin ya cika sai ta rufe ƙofa, kwamfutar ta riƙa cin wuta kai tsaye daga caja, batirin yana hutawa. Ba a yi masa ɗura. Amma mai wannan magana bai rasa gaskiya duka ba, domin hutun da batirin ke yi, yana yin sa ne cike maƙil, kusa da injin da ke fitar da zafi. Salka ce cike a rana.

Shi kuwa mai cewa a bar kwamfuta ta mutu kafin a sa mata caji, maganar da ce ya riƙe. A zamanin baturan nikel da kadmiyom, waɗanda aka yi aiki da su kafin litiyom ya yaɗu, ana ba da wannan shawara. Batirin litiyom bai son haka ko kaɗan. Sauke shi ƙasa kullum yana gajiyar da shi. In kuma ya ƙare aka jefa shi cikin akwati wata biyu ko uku, yana iya sauka har ya ƙi karɓar caji gaba ɗaya. Na ga haka ta faru da kwamfutar wani aji da aka rufe da damina, lokacin da kowa ya tafi gona. Da kaka ta yi aka buɗe akwati, batirin ya riga ya mutu.

Inda batirin litiyom ya fi jin daɗi shi ne tsakiya, daga kashi 20 zuwa kashi 80. In kuma ajiye kwamfutar za ka yi na dogon lokaci, ka bar ta da kamar rabin caji, ka kashe ta sosai, ka sa ta a wuri mai sanyi. Duk bayan wata ɗaya ko biyu ka kunna ka duba, in ya sauka ka ƙara masa kaɗan.

Masu ƙera kwamfuta sun san wannan, shi ya sa da yawansu suka sa wata dabara ta iyakar caji. In ka kunna ta, batirin zai tsaya a kashi 80 ko 60, ko da waya tana jone dare da rana. A kwamfutar Lenovo ana samun ta cikin Lenovo Vantage, a ta ASUS cikin MyASUS, a ta Dell cikin Dell Power Manager. Wasu kwamfutocin HP na ofis kuma suna da ita cikin BIOS, wato shafin da ke buɗewa tun kafin Windows ta tashi. In ba ka iya ba, ka nemi wanda ya sani ya kunna maka. Aikin minti biyar ne. Wanda ya kunna wannan ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: bai ɓata zagaye ba, bai kuma bar batirin cike ba.

Zafin ƙasarmu

Ɗan'uwa, a nan ne maganar ta fi shafar mu. Masana sun ce aikin sinadari, in zafi ya ƙaru da digiri 10, saurinsa kan kusan ninka. Kamfanin Apple da kansa yana gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana iya rage ƙarfin batir har abada. To mu fa? A watannin Afirilu da Mayu, zafin Magariya da Dungas yana wuce digiri 40 a inuwa. Ɗaki mai rufin kwano da azahar kuwa, ba sai na gaya maka ba.

Na san abokan aiki biyu da aka ba kwamfuta iri ɗaya rana ɗaya. Ɗaya yana aiki da tasa bisa tebur a zauren ƙasa, in ya gama ya kashe ya rufe ta da ƙyalle. Ɗayan kuma tasa kullum tana kan katifa a ɗakin kwano, jone da wuta, yara suna kallon fim har dare. Bayan shekara biyu ta farkon tana yin kusan awa uku ba wuta. Ta biyun ba ta kai rabin awa, da ka cire waya sai ta fara kuka. Dukansu biyu suna barin kwamfuta a wuta. Zafi ne ya raba su.

Saboda haka kada ka aza kwamfuta bisa katifa, ko bargo, ko matashin kai. Ƙofofin iskarta a ƙasa suke da gefe, in ka toshe su zafin ya koma ciki. Aza ta bisa katako ko faifai, in da hali ka tokare bayanta da wani abu don iska ta ratsa. In kana tafiya a babur, kada ka bar jakarta a rana ka shiga gaisuwa, ka shiga da ita. In ka iso tana da zafi, bar ta ta huce kafin ka sa mata caji. Lokacin hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Tana shiga fankar ciki ta toshe ta, sai ka ji kwamfutar tana gurnani tana zafi. Ko sau ɗaya a shekara, bayan hazo ya wuce, kai ta wajen mai gyara ya buɗe ya busa ta.

To, in wutar ba tabbas fa?

Na san abin da za ka ce. Za ka ce: malam, wannan shawarar ta masu wuta kullum ce. Mu da in an kawo wuta ba mu san lokacin da za a ɗauke ba, yaya za mu bar batir a kashi 80 da gangan? Ka faɗi gaskiya. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Ta Maraɗi da Damagaram tana biyo layin Katsina zuwa Gazawa. A watan Agusta na 2023 aka yanke wannan wuta saboda takunkumi, ba a mayar ba sai a Maris na 2024. Wanda ya ga waɗannan watanni ya san darajar kowane kashi ɗaya na caji. Ƙauyukanmu da yawa kuwa wayar ma ba ta kai gare su ba.

Batir an yi shi ne don ya yi maka aiki, ba don ka yi masa bauta ba. Saboda haka ka duba halin da kake ciki. In yawancin aikinka a ofis ne cikin gari, kusa da wuta, kunna iyakar caji ka bar waya jone. In gobe za ka fita ƙauye, cika shi 100 yau da dare ko gobe da asuba, ka tafi. Cikar kwana ɗaya ba ta kashe batir, zaman wata da watanni a cike shi ne illa. Ni haka nake yi. Ranakun da nake Magariya ina rubuta rahoto, tawa tana tsayawa a 80. Daren da zan kama hanyar Dan Ciyawo ko Sasumburum, sai in buɗe mata ta cika. In kuma taka ba ta da wannan dabara, kada ka damu. Bar ta a wuta lokacin aiki, in ka gama ka kashe ka cire waya. Kada dai ta kwana ta yini a jone ba dalili.

Mai farantin sola

A ƙauye, mafi yawanmu da farantin hasken rana muke dogara, wanda muke ce ma fanno, da babban batir irin na mota. A nan akwai abin da ya kamata ka riƙe da kyau, don mutane da yawa suna haɗa su. Wancan babban batir na dalma ne da ruwan asid, kuma halinsa kishiyar na litiyom ne. Shi cika yake so. In kana sauke shi ƙasa da rabi kullum, ko ka bar shi kwanaki ba caji, wani gishiri yana kama farantan cikinsa, ya mutu da wuri. Wato a gida ɗaya kana da baƙi biyu, ɗaya yana son ƙoshi, ɗaya yana son ya bar sarari a ciki.

Bari mu yi lissafi, kamar yadda muke yi a aji. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100, in ka ninka, ya ba ka wat-awa 1200. Rabi kaɗai ya kamata ka taɓa, wato 600. Kwamfutar da ke cin kamar wat 30, in ta yi awa huɗu ta cinye 120. Ga fitilun aji, ga salulolin maƙwabta, ga inbata wadda ita ma take cin nata rabo cikin zafi. Ka ga 600 ba ta da yawa. Dabarar ita ce ka yi cajin kwamfuta da rana, daga hantsi zuwa azahar, lokacin da farantin ke ba da wuta fiye da yadda babban batirin ke iya sha. Da dare kuma ta ci nata batirin, a bar babban ga fitilu. In ka sami cajar mota, mai ɗaukar bolt 12 ta mayar 19 ko 20 kai tsaye, ta fi inbata tattali. Sai dai ka tabbata bakinta da bolt ɗinta sun dace da kwamfutarka.

Gurup da caja

Masu caji da gurup a kasuwa ko a shago, ku kula. Ƙaramin gurup wutarsa tana hawa da sauka, musamman lokacin tayarwa da lokacin da mai zai ƙare. Bari ya tashi ya daidaita kafin ka jona, ka kuma cire kafin a kashe. Juya cajarka ka karanta abin da aka rubuta a bayanta. Caja ta ƙwarai tana karɓar bolt 100 zuwa 240, tana ba da 19 ko 20, da wat 45 ko 65 ga yawancin kwamfutoci. Jabun caja kuwa marar nauyi ce a hannu, tana zafi da wuri. Araha ba ta ado. Kuɗin da ka rage a kan caja, za ka biya ninkinsa a kan batir ko a kan injin kwamfutar.

Wasu masu tsofaffin kwamfutoci suna zare batirin su ajiye, su yi aiki da waya kaɗai. A ƙasar da wuta ba ta yankewa wannan yana da ma'ana. A wurinmu ban ba ka shawara ba. Batirin shi ne ke tare ka in an ɗauke wuta. In babu shi, kwamfutar ta mutu nan take, rubutun da ba ka adana ba ya tafi, wani lokaci har ma'ajiyar cikinta ta lalace. Gara batir ya tsufa da sunayen ɗalibai su ɓata.

In batir ya kumbura

Wannan kuma maganar rai ce. In ka ga kwamfutarka ba ta zama daidai bisa tebur, ko wurin da kake shafa yatsa ya tasa, ko murfinta ba ya rufewa, to batirin ya kumbura, iska ce ta taru a cikinsa. Cire waya nan da nan, ka daina caji. Kada ka danna shi, kada ka soke shi da allura ko wuƙa, domin yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Kai wa mai gyara ya cire. Kada a jefa shi a murhu, ko a bola inda ake ƙona shara, kada kuma a ba yara su yi wasa da shi. Kafin a rabu da shi, a sa shi cikin tukunyar ƙasa da rairayi, nesa da danga da rumbu.

In za ka sayi ta hannu

Yawancinmu ba sabuwa muke saye ba, ta hannu ce daga kasuwar Dole ta Damagaram ko daga Kano. Mai sayarwa zai ce maka batirin yana awa huɗu. Kada ku yi gardama, kwamfutar da kanta za ta ba da shaida. In tana da Windows, akwai umarnin da ake rubutawa, powercfg /batteryreport, sai ta fitar da takardar batirin. Cikinta ka nemi lambobi biyu: ƙarfin da aka ƙera shi da shi, da ƙarfin da yake ɗauka yanzu. Misali, in na farko 45,000 ne, na biyu 18,000, to kashi 40 kaɗai ya rage. Ka sa kuɗin sabon batir cikin ciniki, ko ka duba wata. Ka ga amfanin karatu da lissafi ke nan, har a bakin shago.

Mai karatu, in an tambaye ka gobe, ga abin da za ka ce. Barin kwamfuta a wuta lokacin aiki ba laifi ba ne. Laifin shi ne zafi, da zama cike kullum, da barin batir ya ƙare ƙurmus. Duk yadda ka kula da shi, wata rana zai tsufa, kamar yadda tayar babur ke cinyewa. Amma tsakanin batirin da ya yi shekara ɗaya da wanda ya yi huɗu akwai kuɗi, akwai kuma darussa masu yawa da ba za a fasa ba. In ka karanta wannan, ka karanta wa wanda bai iya ba tukuna, domin maganar ta shafi salular da ke aljihunsa, ita ma batirinta na litiyom ne.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu amfana da abin da muka sani. Amin.